Magudana Ko Inuwa: Shin Dashe Yana Biyan Diyyar Sara?

Gabatarwa

Duk mai rai yana ci yana sha, mai ci da sha kuwa tilas ya zagaya. Wannan magana ce da ba a cika yin ta a bainar jama'a ba, balle a mujallar ɗalibai, alhali kuwa a kanta zaman birni ya dogara. Mutumin ƙauye yana da salgarsa a bayan gida, ƙasa ta shanye, zance ya ƙare. Amma in mutane miliyoyi suka taru wuri guda, abin da kowa ya zubar sai an nema masa hanya, hanyar nan kuwa dole ta bi ta ƙofar wani, ko ta ƙarƙashin itacen da wani yake shan inuwa. Kowa yana son a kwashe ƙazanta, ba wanda yake son a bi da ita ta gabansa.

Daga nan tambayoyi biyu suka taso, su ne kuma nake so mu tattauna da kai, ya mai karatu. Ta farko: in amfanin jama'a ya ci karo da haƙƙin 'yan unguwa, wa ya kamata ya haƙura? Ta biyu: in an sare itatuwa don a haƙa magudana, sa'an nan aka zo aka dasa waɗansu na asalin ƙasar, shin an biya bashi ke nan? Don kada mu yi ta magana a iska, zan ɗauki misalin wata rigima da aka yi a birnin Landan na ƙasar Ingila, wadda aka ga farkonta aka kuma ga ƙarshenta.

Asalin Magana

Cikin ƙarni na 19 ƙazantar Landan duk a Kogin Tems take ƙarewa, a kogin nan kuma mutane da yawa suke samun ruwan sha. Cutar kwalara ta kashe mutum sama da 14,000 a birnin tsakanin 1848 da 1849, ta sake kashe sama da 10,000 tsakanin 1853 da 1854. Duk da haka hukuma ta yi ta jan ƙafa, sai a bazarar 1858, sa'ad da zafi ya tsananta, ɗoyin kogin ya shiga Majalisar Dokoki, wadda take daidai bakin ruwa, har aka riƙa jiƙa labulen tagogi da magani don wakilai su iya zama. Cikin kwana 18 aka zartar da dokar da ta ba da kuɗin aiki. A lura da wannan tun yanzu, don za mu komo kansa: gawar talakawa dubbai ba ta motsa majalisa ba, hancin wakilai ne ya motsa ta.

Injiniya Joseph Bazalgette shi ya ja ragamar aikin. Ya gina manyan magudanai masu tsawon kilomita wajen 132, da ƙanana na tituna wajen kilomita 1,800. Amfanin aikin ya bayyana a 1866, da kwalara ta dawo ta kashe sama da mutum 5,000, akasarinsu a gabashin birni inda aikin bai riga ya kammala ba. Sai dai ya haɗa ruwan sama da na ƙazanta a hanya ɗaya, ya kuma bar kafofi waɗanda in magudana ta cika maƙil za ta amayar cikin kogi, don kada ta komo cikin gidaje. An tsara aikin don mutum kamar miliyan 4. Da mutanen birnin suka doshi miliyan 9, aka kuma shafe filaye da kwalta da siminti, sai ya zama ɗan yayyafi kaɗan ya isa ya sa ta amai. An ƙiyasta cewa a wancan lokaci, a shekara matsakaiciya tan miliyan 39 na ruwan sama gauraye da najasa ke kwarara cikin kogin. A watan Agusta na 2004 an yi wani ruwa mai ƙarfi wanda ya bar dubban kifaye matattu a kan ruwa.

Maganin da aka kawo shi ne a haƙa wata ƙatuwar magudana a ƙarƙashin kogin, mai tsawon kilomita 25 da faɗin mita 7.2, daga Acton a yamma zuwa Abbey Mills a gabas, ta tare amai ta kai shi matatar ruwa ta Beckton. Gwamnati ta ba da izini a watan Satumba na 2014, aka fara aiki a 2016, Sarki Charles na Uku ya yi bikin buɗe ta a watan Mayu na 2025. Ta ci kuɗi sama da fam biliyan 4 da rabi.

Inda Rigima Ta Taso

Rami irin wannan ba ya haƙuwa sai an buɗe rijiyoyi manya daga sama, inda za a zura injin haƙa a kuma fitar da ƙasa. To, a ina za a buɗe su? A shawarar farko ta 2010 an nuna waɗansu filaye masu ciyawa da itatuwa, cikinsu har da lambun King's Stairs a kudancin kogi, da filayen wasa na Barn Elms a yamma, da lambun tunawa da Sarki Edward a Shadwell. Nan da nan 'yan unguwanni suka tashi tsaye, suka kafa ƙungiyoyi, suka tara sa hannu, suka ce ba za a taɓa musu itatuwa ba. Waɗansunsu kuwa suka yi nasara. A shawara ta biyu, cikin 2011, aka bar lambun King's Stairs aka koma Chambers Wharf, aka kuma ɗauke babban aikin daga Barn Elms aka kai shi titin Carnwath a Fulham.

Wuraren nan biyu da aka koma tsofaffin matsayan jiragen ruwa ne, babu wani lambu da za a ɓata. Amma fa gidajen mutane suna kewaye da su, a Chambers Wharf ma har da makarantar firamare a kusa. Watau an tsirar da itatuwa, sai ƙarar inji da ƙura na shekaru suka sauka a ƙofar waɗansu bayin Allah. Su ma suka yi kuka. Ƙaramar hukumar Southwark ta kai ƙara kotu, aka kori ƙarar a farkon 2015 saboda an makara wajen shigar da ita da kwana ɗaya tak.

Akwai kuma waɗanda suka ce aikin ma gaba ɗaya bai kamata ba. Injiniya Chris Binnie, wanda shi ya shugabanci binciken da ya ba da shawarar ramin a 2005, daga baya ya juya masa baya, ya ce kuɗin ya ninka har ya wuce amfanin. Waɗansu suka yi nuni da birnin Filadelfiya na Amurka, wanda a 2011 ya ɗauki shirin shekara 25 na tare ruwan sama tun daga inda ya sauka, ta hanyar dasa itatuwa da ƙananan lambuna masu shanye ruwa a gefen tituna. Masu goyon bayan rami suka amsa da cewa yawancin ƙasar Landan yumɓu ce, ba ta shan ruwa da sauri, birnin kuma ya riga ya cushe, kogi ba zai iya jiran shekaru masu yawa ba.

Tambaya Ta Farko: Wa Zai Haƙura?

Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce ta lissafi. A ɗora mutum miliyan 9 a sikeli ɗaya, a ɗora 'yan unguwa dubu kaɗan a ɗayan, ai ba sai an tambayi wanda ya rinjaya ba. Wannan hujja tana da ƙarfi, bai kuma kamata a raina ta ba. Da a ce kowace unguwa tana da ikon hana aiki, da Bazalgette bai aza tubali ko ɗaya ba, da kuwa kwalara ta ci gaba da ɗibar mutane. Wanda ya ce kada a yi kome don kada a cuci kowa, ya manta cewa barin abu yadda yake shi ma zaɓi ne, yana kuma da waɗanda yake cuta, sai dai su ba su da ƙungiya.

Amma lissafin nan yana ɓoye wani abu. Amfanin magudana ya bazu kan kowa kaɗan kaɗan, wahalarta kuwa ta taru kan 'yan kaɗan da yawa. Mai gida a can nesa, ko da a garin Oxford yake, abin da ya same shi ɗan ƙari ne a kuɗin ruwa, kamar fam 25 a shekara. Matar da tagarta ke kallon wurin haƙa ita ma ta biya wannan, ta kuma ƙara da barcinta na shekaru. Yaron da ya shiga aji ɗaya sa'ad da aka kafa shinge, ya gama firamare shingen yana nan. In aka tara waɗannan duka aka raba da yawan jama'a, sai a ga abin ba yawa, amma ai ba wanda ya rayu a cikin matsakaicin lissafi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Saboda haka ban yarda da masu cewa duk wanda ya ƙi aiki a unguwarsa mai son kai ne ba. Sau da yawa kukan 'yan unguwa shi ke tilasta wa injiniya ya sake tunani. A Landan an rufe waɗansu wuraren haƙa da manyan rumfuna masu tare ƙara, an kuma kwashe mafi yawan ƙasar da aka haƙo ta jiragen ruwa maimakon manyan motoci. Da kowa ya yi shiru, wa zai tabbatar mana an yi wannan ɗawainiya?

Duk da haka akwai tambayar da ya wajaba mai ƙin aiki ya yi wa kansa: in ba nan ba, sai ina? Ƙazanta ba ta ɓacewa don an rinjayi hukuma, wuri kawai take sakewa. Ta kuma saba gangarawa inda murya ta fi rauni, kamar yadda ruwa yake neman kwari. Tun zamanin Bazalgette haka abin yake: wani babban basarake, Duke na Buccleuch, ya kai hukumar aikin ƙara don ta raba gidansa da bakin kogi, kotun ƙoli ta lokacin ta tabbatar masa da diyya a 1872. Yana da lauyoyi, yana da kuɗin jira. Ban ce waɗanda suka kare lambun King's Stairs sun yi laifi ba, lambun jama'a abin karewa ne. Abin da nake cewa shi ne, ranar da suka yi nasara wani sabon nauyi ya hau kansu, watau su tsaya wa waɗanda kayan ya koma kansu, su nema musu sauƙi da diyya kamar yadda suka nema wa itatuwansu. Wanda ya kashe wutar gemunsa ta hanyar yarfa ta a gemun maƙwabci bai kashe wuta ba.

Hukuncina a nan shi ne, jama'a tana da ikon ta nemi 'yan kaɗan su haƙura, amma bisa sharaɗi uku. A tabbatar babu wata hanya mai sauƙin cuta. A zaɓi wuri don dacewarsa, ba don mutanensa ba su iya ƙara ba. Sa'an nan masu cin amfani su ɗauki haƙurin nan bashi a kansu.

Tambaya Ta Biyu: Dashe Da Sara

To, da me ake biyan bashin? A zamanin nan amsar da aka fi bayarwa ita ce dashe. Masu aikin Landan sun yi alkawarin dasa itace biyu a madadin kowane ɗaya da aka cire. Sun kuma yi sababbin dandali a bakin kogi a kan rijiyoyin da aka rufe, a waɗansu wuraren har da matakala masu gangarawa cikin ruwa, inda aka dasa ciyayin fadama na asalin ƙasar don ƙananan kifaye da tsuntsaye su sami mafaka. Bayan an ba da izinin wannan aiki, Ingila ta mai da irin wannan tunani doka: tun daga Fabrairun 2024, mafi yawan masu sababbin gine-gine dole su bar muhallin halittu ya fi yadda suka same shi da kashi 10 cikin 100, su kuma kula da shi shekara 30.

Wannan ci gaba ne, ba shakka. Amma a ganina akwai abu uku da dashe ba ya iya mayarwa. Na farko lokaci. Itacen da ya shekara 80 da dashen da bai kai tsawon mutum ba, sunansu ne kawai ɗaya. Tsohon da aka sare wa inuwa ba zai ga inuwar dashen ba, jikansa ne zai sha. Ashe an karɓi abu daga hannun wani an biya wani. Na biyu wuri. In an sare a unguwarmu aka dasa a bayan gari, lissafin birni ya daidaita, amma mu rana ce a kanmu. Na uku kuwa zumuncin halittu. Tsohon itace gari ne guda: akwai tsuntsu a reshe, ƙwaro a ɓawo, jemage a kogo, naman kaza a saiwa. Waɗannan ba sa iya jiran shekara 50 kafin sabon gida ya ginu. Ita kanta dokar Ingila ta san da haka, shi ya sa ta ware waɗansu wurare, kamar dazuzzukan da suke nan tun shekarar 1600, ta ce ba su da madadi.

Mai karatu zai iya cewa: to, in dashe ba ya biya, me ya sa za a yi shi? Amsa ita ce, mu ma inuwar da muke sha ba mu muka dasa ba. Itatuwan da mutanen Landan suke taƙama da su a bakin kogi, an fara jera su ne tun zamanin da Bazalgette ya gina gaɓar, waɗanda suka dasa su kuwa ba su sha cikakkiyar inuwarsu ba. Bashin itace haka yake tafiya, ana karɓa daga na baya a biya na gaba. Don haka dashe wajibi ne. Inda haɗari yake shi ne a mai da shi lasin sara, mai aiki ya riƙa cewa ba kome, ai za mu dasa. Ranar da aka fara faɗin haka, an mai da diyya farashi, wanda kuwa yake da kuɗin biyan farashi ba abin da zai hana shi saye. Tsarin da ya dace shi ne a fara neman kauce wa sara, in ya gagara a rage shi, sai abin da ya rage ne za a yi wa dashe. Dashen ma ba ya ƙarewa ranar da manya suka zo aka ɗauki hoto. Wanda ya dasa bai yi ban-ruwa ba, ya sare sau biyu ke nan.

Ɗan Gida Da Baƙo

Saura mu duba dalilin da ya sa ake nacewa sai itacen asalin ƙasa. Dalilin shi ne halittun wuri sun daɗe suna sabawa da juna. Wani bincike da aka buga a 2019 ya nuna cewa itacen oak na Birtaniya yana ɗauke da halittu iri 2,300, sama da 300 daga cikinsu kuwa ba sa rayuwa sai da shi. Itacen da aka kawo daga wata nahiya zai iya yin kore shar, amma ƙwarin wurin ba su san shi ba, tsuntsun da ke cin ƙwarin kuma ya rasa abinci. In dai niyya ita ce a mayar wa halittu gidansu, ɗan gida ne ya dace.

Sai dai kada mu zarce. Itacen nan mai faɗin ganye da ya cika titunan Landan, wanda suke kira filen, ba ɗan ƙasar ba ne, barbarar wani itace ne na gabas da wani na Amurka. An zaɓe shi don yana jure hayaƙi, yana zubar da ɓawonsa tare da dattin da ya manne masa, ya rayu inda 'yan gida da yawa suka kasa. Mu ma nan mun san irin wannan. Darbejiya daga ƙasashen Indiya aka kawo ta zamanin mulkin Turawa, yau kuwa wace makaranta ce ko kasuwa ba ta shan inuwarta? Amma ba manomin da zai musanya gawo da ita a tsakiyar gona, don gawo yana zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ya taki ƙasa, ya ba dabbobi 'ya'yansa da rani. Kowane da wurinsa. Abin da ya ba ɗan gida fifiko shi ne yawan masu dogara da shi, ba takardar haihuwa ba. Ina kuma jan kunnen 'yan'uwana ɗalibai, kada wani ya ɗauki wannan magana ta itatuwa ya kai ta kan mutane, ya kafa hujjar ƙyamar baƙo da ita. Ƙwaro ba ya iya koyon cin sabon ganye cikin shekara ɗaya, mutum kuwa yana iya koyon zama da maƙwabcinsa.

Akwai darasi ɗaya kuma da manoman yankin Maraɗi suka koya wa duniya tun daga shekarun 1980. Maimakon su dogara ga dashe, wanda yawancinsa ke mutuwa da rani, sai suka riƙa barin kututturen da ke gona ya toho, suna yi masa aski. An ƙiyasta cewa ta haka itatuwa wajen miliyan 200 suka dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a Nijar. Saiwar da ta riga ta kama ƙasa ta fi dashe goma. Wannan ya ƙara tabbatar da abin da muka faɗa, cewa kiyaye abin da ke akwai shi ne gaba da kome.

Kammalawa

In aka tambaye ni ko ya kamata a haƙa magudanar Landan, zan ce i. Kogin da aka ce ya mutu a 1957, aka sha wahala har kifi sama da iri 100 suka dawo cikinsa, bai cancanci a ci gaba da mai da shi masai ba. Kifin nan shi ma ɗan asalin wurin ne, ko da yake ba ya sa hannu a takardar koke. Amma amincewa da aiki ba ya wanke masu aiki daga bashi, haka kuma nasarar masu kare lambu ba ta wanke su daga haƙƙin maƙwabtansu.

Mu da muke karatu a nan, gobe waɗansunmu ne za su zauna a ofisoshin da ake zana taswira. Garuruwanmu suna bukatar lambatu da kwalbati, kowace damina tana tuna mana da haka, za a kuma tarar da tsamiya ko kuka ko rimi a kan hanya. Ranar da alƙalami ya zo hannunka, kafin ka ja layi ka tambayi kanka: wa ke zaune a ƙarƙashin layin nan, an ji ta bakinsa? Akwai hanyar da za a karkata a bar itacen? In babu, wa zai dasa, me zai dasa, wa kuma zai yi ban-ruwa bayan an watse daga biki? Ina fata wani daga cikin masu karatu, musamman wanda bai gamsu da hukuncina ba, zai ɗauki alƙalami ya mayar mini da martani a fitowa ta gaba.